Tsarabar Honorabul Bahauddeen

Kwamitin majalisar jiha ya yi takakkiya tun daga gida har Kuala Lumpur don ya koyo yadda ake gyara gidan yari. Gidan yarin da ke neman gyaran kuwa yana nan bayan majalisar tasu, tafiyar da ko gurguwar akuya ba za ta yi haki ba, amma babu wanda ya taɓa ganin ƙeyar ɗayansu a bakin ƙofarsa. Sai ga su a Bukit Bintang da manyan riguna, kowanne yana jan ƙaton akwati babu komai a ciki. Wanda ya zo neman ilimi da irin wannan akwati, ai an san ilimin da zai koma gida da shi.

Hasna ta fi kowa jin haushin zuwan nasu, ta kuma fi kowa ɗokinsa. Lauya ce, tana digiri na uku a jami'ar da ke Lembah Pantai, gwamnatin jihar ce ta turo ta. Yayanta Muntasir direban adaidaita sahu ne. Wata rana ya ɗauko fasinja biyu daga tasha, aka tare su a hanya, aka ce fasinjojin 'yan fashi ne, aka haɗa da shi aka tafi. Sau ɗaya aka kai shi gaban alƙali, alƙali ya ce ba shi da hurumi, a ajiye shi har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Shekara ta huɗu ke nan ana jiran shawarar nan. Matarsa da 'ya'yansa sun koma ɗakin Umma suna suyar awara a ƙofar gida, babbar 'yar ta ajiye makaranta tana tallar abin da aka soya.

Wannan baƙin cikin ne ya sa Hasna da wasu lauyoyi a gida suka tsara ƙudurin doka. Abu biyu ya ƙunsa. Duk wanda ya daɗe a tsare ba a yi masa shari'a ba, ko a gurfanar da shi ko a sake shi. Iyalin da aka kulle mai ciyar da su kuma, gwamnati ta taimaka musu da abinci, ta bar 'ya'yansu a makaranta. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, aka miƙa shi ga kwamitin Honorabul Bahauddeen, ya kwanta can ya yi barcin da ko munshari babu. Wa'adin majalisar kuma ya kusa ƙarewa, in ya ƙare ƙudurin ya mutu ke nan.

Masu tashin ƙudurin daga barci matan fursunonin ne, shugabarsu Murja. Mijinta Zahraddeen tela ne, an kwashe shi a wani samame tun kafin a kawo Muntasir. Ɗakin da suke ya cika har kwana sai karɓa-karɓa, wani ya miƙe, wani ya zauna ya rungumi gwiwarsa ya jira. Zahraddeen ne ya raba ɗan filin kwanciyarsa da Muntasir ranar da aka jefo shi, kuma har yau tare suke rabon. Ta nan Hasna da Murja suka san juna, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, sai ta waya.

Ranar da kwamitin ya sauka, Murja ta aiko da saƙon murya tana dariya.

"Hasna, mun je majalisa yau ma, mai gadi ya ce duk sun tafi Malesiya. Na ce masa to madalla, sun kai kansu gidanmu. Ki kama mana su, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Suka tsara abin tsaf. Ranar Asabar ƙungiyar ɗaliban jihar za ta shirya wa baƙin liyafa, za a ba da damar tambayoyi. Hasna za ta miƙe gaban mutane da masu ɗaukar bidiyo ta yi tambaya ɗaya: wace rana kwamiti zai mayar da ƙudurin zauren majalisa? Matan kuma za su taru a tsakar gidan Murja su saurara ta wayar Hasna. Babban mutum in ya furta rana a gaban kyamara, aƙalla an samu abin da za a riƙa kaɗa masa.

Ranar Alhamis sai ga kiran Fa'iz, shugaban ƙungiyar ɗaliban, mutumin da ke gaisawa da manya da hannu biyu ko a waya ne.

"Barista, chairman Bahauddeen yana neman wadda za ta raka shi kasuwar Masjid India, shopping na madam da yara. Kuma ke ya ambata, by name."

Al'ada ce da ta zauna. Duk babban da ya zo daga gida, ɗalibai ne 'yan rakiyarsa, maza su kai shi wajen wayoyi da agogo, mata su zaɓa masa mayafai. Hasna ta tsani wannan aikin, amma a ranar ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Yammaci guda da mutumin da matan suka shekara suna nema ba su ga ko inuwarsa ba. Ba ta tsaya ta tambayi kanta yadda aka yi ya san sunanta ba, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Bayan la'asar suka shiga layin shagunan Jalan Masjid India, rana ta yi sanyi amma gumi bai daina ba. Honorabul Bahauddeen dattijo ne mai faɗin fuska da sanyin murya, irin mutanen da ko ashar suka yi maka sai ka ce amin. Ya kira ta 'yata tun daga bakin mota. Suka shiga wani shagon yadi mai hawa biyu, mai shagon ya hango babbar riga ya taso da kansa yana "Boleh, boss, boleh", wato zai yiwu, kafin a tambaye shi komai.

Ta fara ɗauko zancen ƙudurin a wajen mayafai. Ya ce, "Wannan ruwan tokar ko mai ruwan ƙasa?" Ta sake ɗaukowa a wajen abayoyi, ta ce masa akwai waɗanda suka fi daɗewa a tsare fiye da hukuncin laifin da ake tuhumarsu da shi. Ya ce lallai abin da tausayi, sannan ya tambayi mai shago ko ɗinkin nan ba ya warwarewa a wanki. Ranta ya soma tafasa. Ta ajiye abayar da ke hannunta a kan kantar shagon, ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai yaran da ke kwana da yunwa saboda takardar da ke kan teburinka."

Ya juyo ya dube ta sosai, karo na farko. Ya zauna a kujerar da aka kawo masa, ya karɓi shayin da mai shago ya miƙo.

"'Yata, na karanta duk rubuce-rubucenki, har wanda kika kira mu masu barci. Ki daina zagaye-zagaye. Wa gare ki a ciki?"

"Ba maganar mutum ɗaya nake ba."

"Na shekara ashirin a siyasa, ban taɓa ganin wanda ya yi gumi a kan gidan yari ba sai yana da wani a ciki. Wane ne?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ta so ta yi shiru, bakinta ya riga ta. Ta faɗi sunan yayanta, da kotun, da shekarar.

Ya ciro waya. A gida hantsi ne, ofisoshi sun buɗe. Ya kira wani a ma'aikatar shari'a, suka yi gaisuwa da tsokanar juna a kan tumbi, ya tambayi lafiyar iyali, sannan a ƙarshe, kamar wanda ya tuna ya bar murfin randa a buɗe, ya ce akwai wani yaro nasa, a duba masa fayil ɗinsa. Yana magana yana murza wani yadin leshi tsakanin yatsunsa yana duba ingancinsa. Shayinsa bai huce ba wancan ya sake kira. An ga fayil ɗin, babu wata hujja a kan direban, za a rubuta shawara, ranar Talata a kai shi kotu a sallame shi.

Hasna ta dubi kofin shayin da ke hannunsa. Shekara huɗu. Umma ta sayar da gonar gado, ta yi sintiri har takalminta ya cinye, ta durƙusa wa masinjoji da magatakarda. Ashe duk abin bai fi tsawon shan rabin kofin shayi ba. Murna ta taso wa Hasna, fushi ya taso ya danne ta.

"Akwai wani," ta ce da sauri. "Zahraddeen, tela ne, ya ma riga yayana shiga. Ranka ya daɗe, tun da wayar na hannunka..."

Ya yi murmushi ya mayar da wayar aljihu. "Kowa na saya wa tsaraba, ke ma ga taki. Ita tsaraba ba a zaɓe, ba a kuma cewa a ƙara. Mahaifiyarku na da rai? Kira min ita."

Nan ya ɗaure ta, kuma ta gani da idonta lokacin da yake ƙulla igiyar. Ta kira Umma, ya karɓi wayar ya sa a sifika, ya yi mata albishir da bakinsa. Umma ta yi salati, ta fashe da kuka, ta shiga jero masa addu'a har iyayensa da kakanninsa. Ana jin matar Muntasir a bayanta tana tambayar me ya faru. Sannan Umma ta ce, "Hasna, kina kusa? Durƙusa ki yi masa godiya a madadina, tun da ni ƙafata ba ta kai can ba."

Ta durƙusa. A kan tayil ɗin shagon yadi, gaban mai shago da 'yan matan da ke naɗe mayafai, lauya mai shirin zama dakta ta kai gwiwa ƙasa ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma. Ya ce ba komai, ai 'ya ce. Suka ci gaba da zaɓen kaya, ita ce ma ta riƙo masa ledoji biyu zuwa mota.

Washegari bayan an sauko Juma'a Fa'iz ya same ta a wani mamak, irin gidan abincin nan na bakin titi, kusa da gidajen ɗalibai, inda take zaune gaban gurasar roti da ta kasa ci. Ya ja kujera yana fara'a.

"Congratulations, Barista, na ji labari. To ga ƙarin girma, chairman ya ce ke za ki yi vote of thanks gobe."

"Ni tambaya zan yi."

"Tambayoyi uku ne kawai, an riga an raba. Scholarship, tikitin komawa, da aikin yi bayan graduation."

"Wa ya raba?"

"Haba, Barista. Be reasonable lah. Mutumin nan ya yi miki abin da ba a yi wa kowa ba."

"Shi ne abin da ke damuna, Fa'iz. Ba a yi wa kowa ba." Muryarta ta ɗaga har na teburin kusa suka waiwayo. "Ya san babu hujja a fayilolin nan. Ya san waya ɗaya ta isa. Ka san me ya sa ba za su bar dokar ta wuce ba? In doka ta saki mutum, wa zai durƙusa musu? Yayana ba shi da laifi, haƙƙinsa ne ya fita, amma sai da aka naɗe min shi a leda aka miƙo min kamar mayafi."

Fa'iz ya bar ta ta gama, sannan ya rage murya. "Duk na ji. Amma yau Juma'a, kotu sai Talata. Wayar da ta nemo fayil, ita ce za ta iya ɓatar da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, kin san sauran. Ki yi makan, ki ci, abincinki ya huce."

Ta so ta watsa masa shayin da ke gabanta, ba don ya yi ƙarya ba. Kowa a makon nan gaskiya yake faɗa mata, kuma kowace gaskiya sai ta fi ta baya ɗaci. Ba ta gaya wa Murja komai ba. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga, ta kasa samun kalmar da za ta fara da ita. Umma kuwa ta kira ta ce an wanke wa Muntasir kayansa, yaran sun ƙi barin a rufe ƙofar gida.

Ranar Asabar aka cika wani ɗakin taro na otal a Bukit Bintang. Ɗalibai sun sha shadda da lalle kamar ranar suna. Hasna ta kira Murja, ta jingina wayar da gorar ruwa a kan teburinta. A ɗan gilashin wayar tana ganin mata cike da tsakar gida a kan tabarmi, wasu da goyo, wata ta taho da farantin tallarta ta ajiye a gefe. Murja ta ɗaga mata hannu ta ce, "Muna jinki, Allah ya ba ki sa'a."

Honorabul ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce sun ga abubuwan mamaki, sun koyi darussa, za su koma su zauna su yi nazari. Ko sau ɗaya kalmar ƙuduri ba ta fito daga bakinsa ba. Aka yi tambayoyin nan uku, aka amsa su da in sha Allahu uku, aka tafa. Sai Fa'iz ya ce yanzu 'yar'uwarmu Barista Hasna za ta yi jawabin godiya.

Ta kai hannu za ta kashe wayar, ta fasa. In za ta ci amanarsu, ba za ta haɗa musu da ƙaryar cewa sabis ne ya ɗauke ba.

Ta karɓi makirufo. Masu bidiyo suka juyo kanta. Tambayar tana nan a kan harshenta, ta haddace ta kamar Fatiha, jimla ɗaya ce, ba ta kai numfashi biyu ba. Honorabul yana kallonta da murmushin nan nasa, wayarsa a kife a kan tebur, yatsansa ɗaya a kanta. Ba barazana ya yi ba, bai ma buƙata. Ta tuna Muntasir zaune ya rungumi gwiwa yana jiran a ba shi wuri, ta tuna ƙofar gidan da yara suka ƙi a rufe.

Ta yi godiya. Ta gode wa shugaban kwamiti da 'yan tawagarsa da suka taso daga nesa, ta gode da kulawarsu ga talakawa, ta roƙi Allah ya mai da su gida lafiya. Kowace kalma sai da ta yanke ta kafin ta fita, kuma muryarta ba ta yi rawa ba, wannan ma ya ƙara mata tsanar kanta. Aka yi tafi mai ƙarfi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ta yi askin tas, ba ta bar ko gashi ɗaya ba.

Da ta koma kujerarta, kiran bai yanke ba. Matan na nan zaune suna jira, a zatonsu gabatarwa ce ta yi, tambayar na tafe. Sai da suka ji an fara addu'ar rufe taro sannan mai farantin tallar ta miƙe ta ɗora shi a ka. Murja ta matso da fuskarta kusa da wayar, ta dubi Hasna, ta kashe.

Tawagar ta tashi ranar Lahadi, akwatuna sun cika har sai da aka ƙaro wasu. Ranar Talata aka sallami Muntasir, kamar yadda aka ce. Ya kira ta da wayar Umma, muryarsa ta tsufa, ana ta guɗa a bayansa. Hasna ta yi kuka na gaske, na murna, ba za ta ce ba ta yi ba. Ko da za a mayar da ita ɗakin taron nan, ta san abin da za ta sake yi, kuma sanin hakan bai sanyaya mata komai ba. Ta kira lambar Honorabul don ta sake gwada sunan Zahraddeen, wani yaronsa ya ɗauka ya ce oga yana mitin, za a gaya masa. Ba a sake ɗauka ba.

A zauren WhatsApp na matan babu wadda ta zage ta. Da sun zage ta da ta samu abin riƙewa. Labarin ya riga ya zaga, Umma ta gaya wa duk wanda ya shigo barka irin alherin da bawan Allah ya yi musu daga cikin shago a Malesiya. Sai matan suka daina zancen zuwa majalisa, suka koma tambayar juna wa ya san wani da ya san wani.

Bayan mako guda, Hasna na cikin jirgin ƙasa na LRT za ta makaranta, saƙon Murja ya shigo. Ta sa wayar a kunne. Babu dariya a muryar, babu kuma faɗa.

"Hasna, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ban kira ba ne, ƙaramin ba shi da lafiya. Na je ziyara jiya. Zahraddeen ya ce in gaishe ki, in ce miki ya gode. Wai tun da Muntasir ya fita, shi kaɗai ke da wurin, yana samu ya miƙe ƙafarsa har gari ya waye."

Jirgin ya tsaya a tasharta, ƙofa ta buɗe, ta rufe. Hasna na zaune da wayar a kunne.